Hukuncin Fatakwal da Harajin Ilimi: Ina Ɗalibin Kebbi Ya Tsaya?

Shin da gaske wata babbar kotu ta taɓa yanke hukuncin cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin karɓar harajin ilimi? In haka ne, me ya sa aka ci gaba da karɓarsa, kuma ina ruwan ɗalibin da ke karatu a Aliero ko Kalgo ko Argungu da shari'ar da aka yi a Fatakwal? Tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, waɗannan tambayoyi suka dawo bakin ɗalibai da iyayensu a Jihar Kebbi, kowa da yadda maganar ta zo masa. Wani ya ce kotu ta soke harajin tarayya tun tuni, gwamnati ce ta yi kunnen uwar shegu. Wani ya ce za a fara yankar haraji daga kuɗin abincin da uba ke tura wa ɗansa a makaranta. Wani kuma ya ce ai rigimar VAT ce, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, tsakanin Wike, gwamnan Ribas na lokacin, da Abuja, babu abin da ya haɗa ta da karatu.

Dukkan maganganun nan uku suna buƙatar gyara. An yi hukuncin, kuma ya ambaci harajin ilimi ƙarara. Amma ba a kai ga aiwatar da shi ba, kuma abin da ya fi taɓa ɗalibi daga baya a zauren majalisa aka yi shi, ba a kotu ba.

Wace kotu ce, kuma su wa suka yi ƙara?

Babbar kotu iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai Babbar Kotun Jiha, wadda ke sauraron rigimar fili da kwangila da manyan laifuka, akwai kuma Babbar Kotun Tarayya. Ita wannan ta biyun kotu ɗaya ce mai rassa a jihohi, har da reshenta na Birnin Kebbi. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe mata shari'ar da ta shafi kuɗin shigar gwamnatin tarayya da harajin kamfanoni. Saboda haka idan reshenta na Fatakwal ya yi hukunci, ba a ɗaukarsa a matsayin maganar Jihar Ribas kaɗai. Sashe na 287 ya ce hukuncinta abin aiwatarwa ne a kowane yanki na tarayya.

A shekarar 2020, zamanin Gwamna Nyesom Wike, Babban Lauyan Jihar Ribas ya shigar da ƙara a wannan reshe. Waɗanda aka kai ƙara su ne hukumar tara haraji ta tarayya ta wancan lokaci, FIRS, da Babban Lauyan Tarayya, wanda a lokacin ɗan Birnin Kebbi ne, Abubakar Malami. Babu ɗalibi ko makaranta a cikin masu ƙara ko waɗanda ake ƙara. Wannan ne ma ya sa mutanenmu da yawa ba su lura cewa kuɗin makarantunsu na cikin abin da ake jayayya a kai ba.

Me alƙalin ya ce?

Ranar 9 ga Agustan 2021 Mai shari'a Stephen Pam ya ba Ribas gaskiya. Hujjarsa ta tsaya ne a kan yadda kundin tsarin mulki ya raba iko. Akwai jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, akwai jerin da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai, sannan duk abin da ba ya cikin jerin biyu ya zama na jihohi. A jerin farko, lamba ta 58 ta yi maganar harajin hatimi a kan takardu, ta 59 kuma ta yi maganar haraji a kan kuɗin shiga da riba da ribar sayar da kadara. Babu inda aka ambaci VAT. Alƙalin ya ce tunda haka ne, FIRS ba ta da madogara a kundin tsarin mulki ta karɓi VAT, kuma ya haɗa da harajin da ake riƙewa tun daga tushe, da harajin fasaha, da harajin ilimi.

Jaridu sun ɗauki maganar VAT suka yi ta yayatawa, don nan ne kuɗin da gwamnoni ke rabawa duk wata yake. Harajin ilimi ya shige a tsakiyar jimla. Alhali shi ne ya fi kusa da ɗalibi.

Menene harajin ilimi, kuma wa ke biyansa?

Ɗalibi ba ya biyansa, mahaifinsa ma ba ya biya, malami ma haka. Kamfanoni masu rajista ne suka riƙa biya daga ribar da suka ci a shekara, har zuwa 2026 da harajin raya ƙasa ya maye gurbinsa, ƙananan kamfanoni kuma an ɗauke musu. Asalinsa yana da alaƙa da jihar nan ta wata fuska da ya kamata ɗalibanmu su sani. A 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi doguwar gwagwarmaya da gwamnatin Janar Babangida kan lalacewar jami'o'i, shugabanta a lokacin kuwa shi ne Attahiru Jega. Gwamnati ta ce babu kuɗi, malamai suka kawo shawarar a ɗora wa ribar kamfanoni wani abu kaɗan tunda su ne ke ɗibar waɗanda jami'o'i suka yaye. Daga nan aka kafa dokar soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta sa kashi 2 cikin 100. A 2011 aka sauya dokar, aka kafa asusun da ke raba kuɗin, wato TETFund, aka taƙaita kuɗin ga manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 da dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023.

Yadda ake rabon shi ne abin lura. Doka ta ce a ba jami'o'i kashi biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha kashi ɗaya, kwalejojin ilimi kashi ɗaya. A kason shekara-shekara kuma, kowace jami'a tana samun daidai da 'yar'uwarta, ba a duba ko jiharta ta tara haraji mai yawa ko kaɗan. A 2024 kowace jami'ar da ke cikin tsarin ta sami kimanin naira biliyan 1.9, kowace kwalejin kimiyya da fasaha kimanin biliyan 1.1, kowace kwalejin ilimi kusan biliyan 1.4. Ma'ana jami'ar jiha da ke Aliero da Jami'ar Legas kason nan ɗaya suke ɗauka. Haka Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi take daidai da ta Yaba, haka Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu take da takwarorinta na kudu.

Duk wanda ya shiga harabar ɗaya daga cikin makarantun nan ya ɗaga kai zai ga shaida. A saman ƙofar ɗakin lacca, ko a jikin bangon ɗakin gwaje-gwaje, akwai rubutu da manyan baƙaƙe ɗauke da sunan asusun da shekarar da aka ba da kuɗin. Wani lokaci fentin ya koɗe saboda rana da ƙurar hunturu, amma shekarar tana karantuwa. Har a bayan kujerun ɗakin karatu da jikin motar ɗalibai akan ga tambarin. Malamai da dama da ke koyarwa a nan da kuɗin suka yi digiri na biyu da na uku. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 ta taso ne a zamanin da wannan asusu ya zama babbar hanyar gini a manyan makarantun gwamnati.

Me ya sa hukuncin bai fara aiki ba?

Hukuncin babbar kotu matakin farko ne. Sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sama da wannan akwai Kotun Ƙoli. Wike bai jira ba, cikin watan Agustan ya sa hannu a dokar VAT ta Ribas, Legas ma ta bi sahu, Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a tasa ranar 10 ga Satumba. FIRS ta roƙi Mai shari'a Pam ya dakatar da aiwatar da hukuncinsa, ya ƙi. Amma a wannan rana ta 10 ga Satumban 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja, ƙarƙashin Mai shari'a Haruna Tsammani, ta umarci kowa ya tsaya inda yake kafin rigimar ta taso. Da wannan umarni FIRS ta ci gaba da karɓa, aka ci gaba da rabawa.

To wanda ke cewa gwamnati ta take hukuncin kotu bai faɗi daidai ba, kotu ce ta sama ta tsayar da na ƙasa. Wanda kuma ke cewa magana ta mutu shi ma ya yi sauri. Umarnin a tsaya inda ake bai ce alƙalin Fatakwal ya yi kuskure ba. A watan Maris na 2022 an kai wa majalisar tarayya ƙudirin gyara kundin tsarin mulki don a shigar da VAT cikin jerin ikon tarayya, bai sami ƙuri'un da ake bukata ba. Sabbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a 2025 kuma dokokin majalisa ne, ba gyaran kundin tsarin mulki ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Ribas da Legas suna cewa ƙasar nan tarayya ce, kuma abin da ba a ba gwamnatin tsakiya a rubuce ba, na jihohi ne. VAT haraji ne a kan saye da amfani, ba a kan riba ba. Sun ƙara da maganar adalci, cewa suna tara kuɗi mai yawa ana mayar musu da kaɗan. Wike ya sha nanata cewa akwai jihohin da suka haramta giya amma suna karɓar kasonsu daga VAT ɗin da aka tara har da na giya. Maganar ta yi wa 'yan Arewa zafi, kuma gara a amsa ta da lissafi maimakon zagi.

Ɓangaren tarayya na cewa dokar VAT ta 1993 doka ce da kundin 1999 ya tarar, kuma sashe na 315 ya amince da irin waɗannan dokoki. Suna kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a shari'ar Legas da otal ɗin Eko, inda aka ce dokar VAT ta mamaye fagen, harajin saye na jiha ba zai yi gogayya da ita ba. Masu adawa kan amsa da cewa a waccan shari'a ba a tambayi kotu kai tsaye ko dokar VAT ɗin kanta halattacciya ce ba. Akwai kuma tsohon hukuncin 1985 na shari'ar Ogun da Aberuagba, wanda ya ba jiha ikon harajin cinikin cikin gidanta, ya hana ta taɓa cinikin da ya tsallaka iyakar jiha. Kowane ɓangare na jan wannan hukunci zuwa gefensa.

Ni a nawa ganin, ya kamata a raba VAT da harajin ilimi, don ƙafarsu ba ɗaya ba ce a gaban doka. A kan VAT, hujjar Ribas tana da nauyi, duk mai gaskiya zai yarda akwai giɓi. A kan harajin ilimi kuwa, lamba ta 59 ta ambaci riba a fili, shi kuma wannan haraji daga ribar kamfani ake cire shi. Sunansa ne na ilimi, tushensa riba ce. Masu kare hukuncin za su ce ilimi yana cikin jerin haɗin gwiwa, don haka tarayya ba za ta ƙirƙiro masa haraji ita kaɗai ba. Amma ana gane nau'in haraji ne ta abin da aka ɗora shi a kai, ba ta inda za a kashe shi ba. Da wuya wannan ɓangare na hukuncin ya tsaya da ƙafarsa in aka auna shi shi kaɗai.

Sai maganar adalci. Alƙaluman da ke nuna Legas ce ke tara mafi yawan VAT suna ɓoye abu biyu. Na farko, a tsohon tsari manyan kamfanoni suna biya ne daga hedikwatarsu. Ɗaliba ta sayi data a Jega, ɗan kasuwa ya cire kuɗi a bankin Yawuri, magini ya sayi siminti a Zuru, amma a takarda kuɗin na fitowa da sunan garin da babban ofishin kamfanin yake. Na biyu, abin da Kebbi ta fi samarwa ba a ɗora masa VAT. Shinkafa da gero da albasa da kifi abinci ne na yau da kullum, doka ta ɗauke musu. Lokacin da Gwamna Atiku Bagudu da Gwamna Ambode suka ƙaddamar da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a ƙarshen 2016, manoman fadamar Argungu da Suru ne suka ciyar da Legas, amma gumin nasu ba ya fitowa a littafin haraji. Wannan ba ya wanke mu daga raunin da muke da shi na ƙarancin masana'antu. Yana dai nuna cewa lissafin wa ke ciyar da wa bai kai sauƙin da ake faɗa ba.

Da hukuncin ya tabbata, me zai faru a nan?

In da a ce kowace jiha ce za ta karɓi harajin ilimi daga kamfanonin da ke cikinta, da Kebbi ta shiga wani hali. Bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai da na siminti, waɗanda su ne ke zuba mafi yawan kuɗin, kusan duk a Legas da Fatakwal da Abuja suke da zama. A nan manyan kamfanoni ba su da yawa, in ka cire masana'antun shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu sai ka fara lalube. Makarantun jiha, wato Aliero da Argungu da kwalejin Dakingari, su za su fi jin jiki, domin sai dai su koma kan kasafin jihar da shi ma kaso mai tsoka nasa daga rabon Abuja yake zuwa, har da VAT ɗin da ake rigima a kai. Bugu biyu kenan a lokaci guda.

Makarantar da ta rasa kuɗin gini hanya biyu gare ta. Ko ta rage yawan ɗaliban da take ɗauka, ko ta ƙara kuɗin rajista. Ɗan manomi daga Bagudo ko Danko-Wasagu da ke haɗa kuɗin makaranta bayan an sayar da buhun shinkafa ko akuya, shi ne farkon wanda zai koma gida. 'Ya mace kuma ta riga shi, don mun san wa ake fara cirewa idan kuɗi suka gaza a gida.

Aljihun ɗalibi fa?

Wannan shi ya fi tayar da hankali, amma amsarsa gajera ce. Kuɗin da uba ko yaya ya tura wa ɗalibi kyauta ce, ba kuɗin shiga ba ne da ake ɗora wa haraji. Bashin karatu ma ba kuɗin shiga ba ne. A sabuwar doka, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Ɗalibin da ke gyaran waya ko sana'ar POS a bakin ƙofar makaranta, sai ribarsa ta wuce wannan adadi kafin a yi maganar biya, kuma harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓa, ba Abuja ba.

Abin da ɗalibi ke biya tun tuni, ko ya sani ko bai sani ba, abu biyu ne. Akwai VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a Fabrairun 2020, yana cikin kuɗin data da katin waya da sabulu da lemon kwalba. Littattafai da kayan karatu ba sa ciki. Sai naira 50 da ake cirewa idan aka tura naira 10,000 ko fiye ta banki. Da can daga asusun wanda aka tura wa ake cira, shi ya sa ɗalibi kan ga saƙon shigar kuɗi, jim kaɗan ya ga wani ƙaramin saƙo na fitar hamsin. Daga 2026 mai turawa ne ke biya.

Inda aka taɓa kuɗin ɗalibai da gaske

A Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudirori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. Hankalin Arewa ya tafi kan rabon VAT, domin ƙudirin ya so a raba kashi 60 cikin 100 na kason jihohi bisa inda aka tara kuɗin. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna a ƙarshen watan suka ce ba su yarda ba. Daga ƙarshe aka daidaita a kan kashi 50 a raba daidai, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a, aka kuma ɗaga kason jihohi gaba ɗaya daga kashi 50 zuwa 55. Wannan wani irin sulhu ne na siyasa kan rigimar da aka fara a Fatakwal.

A cikin ƙudirin kuma akwai wani sashe da bai sami irin wannan hayaniya ba sai daga bakin ASUU. An so a narkar da harajin ilimi cikin wani sabon haraji na raya ƙasa, a riƙa ba TETFund kaso na wasu shekaru, daga 2030 kuma a yanke shi baki ɗaya, kuɗin su koma asusun ba ɗalibai bashi, NELFUND. Majalisa ta cire wannan wa'adi. Dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta sa harajin raya ƙasa kashi 4 cikin 100 na ribar kamfani, TETFund na da rabi, NELFUND na da kashi 15 cikin 100 na abin da aka tara, sauran ya tafi hukumomin fasaha da tsaro.

An yi murna cewa asusun ya tsira, kuma ya tsira ɗin. Amma a yi lissafi. A da, cikin kowace naira 100 ta riba, naira 3 ke zuwa TETFund. Yanzu rabin naira 4 ne, wato naira 2, NELFUND kuma kwabo 60. Kason gini da horar da malamai ya ragu da kashi ɗaya bisa uku. Idan ribar kamfanoni ta ƙaru, jimillar kuɗin na iya ƙaruwa a lamba, amma farashin siminti da rodi shi ma ba ya tsaye, kuma gwamnati ta buɗe sabbin makarantu da yawa da za su shigo layin rabo. Tuwo ne bai ƙaru ba, hannuwa suka ƙaru a akushi.

Ba na cikin masu kushe bashin karatu. Tun da aka sake dokarsa a Afrilun 2024 aka buɗe shafin nema a watan Mayu, yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba shi naira 20,000 duk wata. Babu ruwa a kansa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa da ke gudun riba saboda addini. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Ga yaron da ba shi da mai biya masa, wannan rufin asiri ne babba. Sai dai bashi da gini ba sa maye gurbin juna. Ɗakin gwaje-gwaje idan aka gina shi, ɗalibai na shekara ashirin za su amfana ba tare da an bi kowa ko kwabo ba. Bashi kuwa yana kan wuyan mutum ɗaya, a jihar da babban mai ɗaukar ma'aikata shi ne gwamnati, ita ma ba kullum take ɗauka ba. Kuma akwai haɗarin da ya kamata shugabannin ɗalibai su sa wa ido, wato makarantu su riƙa ƙara kuɗin rajista da hujjar cewa ai akwai mai biya. In haka ta faru, nauyin da kamfanoni suka ɗauka tun 1993 zai riƙa sauka a hankali a kan ɗalibin da bai ma fara aiki ba.

Su wa ke da ta cewa daga Kebbi?

Kason nan na rabi da kashi 15 doka ce ta majalisa, kuma majalisa na iya sauya shi a kowace shekara da rinjaye na yau da kullum. Abin da aka so yi a 2030 aka fasa, babu abin da ya hana a sake kawo shi. Kebbi na da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 8, ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su nemi kowannensu ya faɗi matsayinsa a kan wannan sashe a bainar jama'a, tun kafin lokacin neman ƙuri'a. Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya san abin da aji mara rufi yake nufi, kuma yana da kujera a taron gwamnoni da majalisar tattalin arziki ta ƙasa inda ake tattauna irin wannan rabo. Haka kuma shugabannin makarantu su riƙa manna wa ɗalibai a allon sanarwa nawa suka karɓa daga TETFund a shekara da abin da aka yi da shi, domin kuɗin da aka ware ba a ɗauka ba, ko aka fara gini aka watsar, shi ne hujjar farko da masu son a rufe asusun ke ɗagawa.

Giɓin da alƙalin Fatakwal ya nuna kuma hanya biyu ce ke rufe shi, ko Kotun Ƙoli ta yi magana ta ƙarshe, ko a gyara kundin tsarin mulki. Gyaran na buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Majalisar dokokin Kebbi mai mambobi 24 tana da ƙuri'a ɗaya a cikin waɗannan, daidai da ta Legas da ta Ribas.